Zannuwan Cikin Bokiti

Zuwa ga 'yata Zigwai,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Alherinsa ya riga ki shiga mota, ya zauna kusa da ke har ku sauka lafiya. Ya tsare ki da abin da ke cikinki, ya tsare mijinki Fasto Ayuba. Babanki ma yana gaishe ki. Maganarsa ba ta fita sosai tun da ciwon nan ya shanye masa ɓarin jiki, amma da na ce masa ina rubuta miki, ya ɗaga hannun da ke aiki.

Na koma ga takarda ne domin duk lokacin da na buɗe baki a kan maganar nan sai mun ƙare da faɗa. Ke ki ce na cika tsoro, ni in ce kanki ya fi dutsen bayan gidanmu tauri, babanki yana kwance yana bin mu da ido. Kin ce matar fasto ba ta barin mijinta ya tafi sabon wurin aiki shi kaɗai, ba ta kuma gudowa gida ta haihu alhali matan ikilisiya a can suke haihuwa. Na ji. Na roƙe ki ki zauna nan Kagoro har ki sauka, kin ƙi. Ni kuma ba ni da halin bin ki, don ba wanda zan bar wa babanki. Ke nan za ki yi haihuwarki ta fari a wani ƙauye gaba da Kasuwan Magani, inda hanya ba ta biyuwa idan ruwa ya sauka, inda direba ba ya yarda ya tayar da mota idan an ji motsin 'yan bindiga. Tsoro nake ji ki mutu a can, Zigwai. Gara in faɗe shi a fili da in yi ta zagaye-zagaye.

Kin san yadda yayarki Kasham ta tafi. Kina makarantar kwana lokacin, abin da aka gaya miki shi ne jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, aka kama hanyar Kafanchan da ita, ba a kai ba. Haka ne. Kin kuma san ni ce ungozomar da ta karɓi haihuwar, a ƙaramin asibitin da na yi aiki har na yi ritaya. Abin da ban taɓa zama na yi miki ba shi ne in bi ranar daki-daki, in nuna miki inda na kauce. Yanzu dole in yi, tunda ke ma kin kama hanyar ɗakin haihuwa.

Tun kafin ranar na fara kuskure. Kasham ta ƙi jinin ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba masu ciki a wurin awo. Ta ce suna tayar mata da zuciya, suna hana ta bayan gida. Da wata ce daga cikin matan da ke zuwa awo, da ta sha faɗa har sai ta haɗiye a gabana, don kowa ya san bakina. Amma 'yata ce, sai na yi laushi. Na riƙa matse mata ruwan ganyen ugu ina haɗawa da madara, ina cewa ai wannan ma yana ƙara jini. Na ga tafin hannunta ya yi fari, na ce hutu ne. Ta shiga naƙuda da ɗan jinin da bai ishe ta ita kaɗai ba, balle a zubar. Ke kam ki sha ƙwayoyinki, ko da za ki yi ta tsine mini a zuci. Ki sa a auna jininki a gaya miki yadda yake, kada ki yarda da "yana da kyau" na fatar baki. Idan ya yi ƙasa kuma ƙwayar ta gagare ki, yanzu akwai wanda ake sa wa mace ta jijiya kamar ƙarin ruwa, an gwada an ga yana ɗaga jini da sauri. Ki tambayi likita tun kina da sauran lokaci.

Ranar da ta haihu, rana ce tsaka, lokacin haƙar citta. Haihuwar ba ta ba mu wahala ba. Yarinya ta fito da kukanta, mabiyiya ta biyo, na yi wa Kasham allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, na shafa cikin na ji ya yi tauri. Uwar mijinta da wasu mata biyu na zumuntar matan coci suna ɗakin, har sun fara waƙar godiya. Na juya wajen jaririyar, don numfashinta bai yi mini daidai ba da farko.

Kin san al'adarmu. Mace za ta je haihuwa, danginta su ɗauko tsofaffin zannuwa su cika jaka. Ana shimfiɗa mata ɗaya, da ya jiƙe sai wata tsohuwa ta zare shi da sauri ta cusa a bokiti ta rufe, ta shimfiɗa wani. Jinin mai jego ba abin da ake bari ido ya gani ba ne. Wasu kunya ce, wasu kuma tsoro ne kada mai mugun nufi ya sami ɗigo ya yi aiki da shi, kuma duk zuwan cocinmu bai cire mana wannan ba. Ni kaina ina son abin. Ina alfahari da cewa ɗakina ba a shiga a ga ƙazanta. Har yaba wa tsofaffin nake yi, ina cewa wance akwai zafin nama.

To, haka aka yi ta yi a bayana. Duk juyowar da zan yi, sai in ga Kasham a kan busasshen zane da ɗan jini kaɗan. Sau ɗaya na ga kamar ya ɗan yi yawa, na matso. Uwar mijinta ta ce, "Nas, ka bar shi shi fita. Jinin datti ne. In ya zauna a ciki shi ne ya kan kawo ciwo." Na san maganar banza ce, amma abin da idona ya gani bai kai na tashin hankali ba, sai na sake shafa cikin na koma kan jaririya. Ba na riƙe tsohuwar nan a zuciya. Abin da uwarta ta yi mata ta yi wa matar ɗanta, kuma da ƙauna ta yi. Ni ce mai farin kaya a ɗakin.

Can sai Kasham ta ce, "Mama, sanyi nake ji. Ki rufa ni." Rana tana dukan kwano, kowa yana zufa, ita tana jin sanyi. Da na kama hannunta sai na ji bugun jijiyarta ya zama siriri yana gudu. Daga nan na san abin da nake ciki. Motar da muka saba kira ta tafi kasuwar Kafanchan da buhunan citta. Kafin mijinta ya samo wata, leɓenta ya yi fari. A bayan mota, kanta a cinyata, ta ce, "Mama, sori, na ba ki wahala." Muna hango layin dogo na shiga gari ta daina amsa mini.

Washegari na koma asibitin in kwashe kayanta. A bayan ɗaki na ga bokitin, an manta da shi cikin ruɗani. Na sa hannu ɗaya in ɗaga, ya ƙi. Na buɗe. Ba zan kwatanta miki ba. Na rufe, na zauna a ƙasa a wurin har mai shara ta zo ta tashe ni.

Duk da haka na sami abin da na jingina da shi. Fastonmu na lokacin ya ce nufin Allah ne. Matan zumunta suka ce kwananta ne ya ƙare. Abokan aikina suka ce, Sista, kin yi duk abin da littafi ya ce. Na karɓa, don idan ban karɓa ba ba zan iya tashi in dafa muku abinci ba. Da wannan na rayu shekara da shekaru, ina gaya wa kaina cewa irin jinin nan ko a babban asibiti ba a iya tare shi.

Bara aka zo aka ƙwace mini wannan ma. An kira taron bita na ungozomomi a Kafanchan, aka haɗa da mu tsofaffi da har yanzu mata ke bugo wa ƙofa. Na je ne don in ga mutane, in kuma ci shinkafar taro, ba don ina zaton wata yarinya za ta koya mini karɓar haihuwa ba. Likitar da ta tsaya gabanmu ba ta girme ki ba. Ta shimfiɗa zannuwa a kan tebur, ta ɗauko jarkar zoɓo ta tuttula a kai, ta ce kowa ya faɗi yawan abin da ya gani. Aka yi ta dariya. Ta juyo wajena ta ce, "Momi, ku da kuka daɗe a aikin, nawa kuke gani?" Na gyara zama na faɗa da ƙarfi, yadda na saba. Ta ɗaga jarkar ta nuna mana inda zoɓon yake da farko. Abin da na faɗa bai kai rabi ba.

Ta ce, "Momi, kar ku damu, ba ku kaɗai ba ne. Ido haka yake, ko manyan likitoci ƙasa suke faɗa." Sai ta yi mana bayanin abin da binciken shekarun nan ya gano, wanda har da asibitocin ƙasar nan aka yi shi. Akwai wata leda da ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, tana da aljihu mai tsini a ƙasa da layukan awo. Jinin duk a ciki yake taruwa, kowa yana gani. Da ya kai layi, ba a tsayawa shawara. Mata da yawa da a da sai sun fara suma ake ganewa, yanzu tun suna magana ake kama abin. Ina zaune ina kallon ledar nan a hannunta, abin da bai fi ledar shimfiɗar yara ba. Aka kawo abinci, ban san wanda ya ci nawa ba.

Na roƙi likitar ta samo mini ɗaya, ta samo. Tana ƙasan jakarki, na naɗe ta cikin tawul ɗin jariri. Ranar da naƙuda ta kama ki, ki ba wadda za ta karɓi haihuwar tun kina cikin hankalinki. Idan ta ce ba ta san ta ba, Ayuba ya nuna mata, na koya masa ranar da kika je kitso, yana ta sunkuyar da kai kamar an kama shi da sata. Idan kuma ledar ta ɓata, to ki kafa doka: ba mai fitar da zane ko tsumma daga ɗakin. Duk wanda ya jiƙe a ajiye shi a fili inda ma'aikaciya za ta gani. Matan ikilisiya za su zo da jakunkunansu da kirkinsu, za su so su rufa wa matar fasto asiri fiye da kowa. Wannan kirkin nake tsoro. Ki bari su ce matar sabon fasto ba ta da kunya.

Akwai wani kuskuren da likitar ta tona ba tare da ta san da ni take ba. Mu yadda aka koya mana, idan jini ya ɓalle sai ki gwada abu ɗaya, ki jira ki gani, idan bai yi ba ki gwada na gaba. Haka na yi wa Kasham. Na murza ciki, na jira. Na ƙara allura, na jira. Sai da jijiyoyinta suka ɓuya na fara neman inda zan sa ƙarin ruwa. Yanzu an gano jiran nan shi ke cinye mace. Gaba ɗaya ake yi: ana murza mahaifa, ana allurar tsuke ta, ana wata allurar da ke hana jini tsinkewa, ana sa ruwa, ana duba ko an yage, ana kiran mota. Ita wannan allura ta biyun, an ce da wuri take aiki, idan aka yi jinkiri amfaninta ya wuce. A zamanina ban taɓa riƙe ta a hannu ba.

Allurar da na yi mata ma, yau ba zan rantse tana da rai ba. Irin wadda ke son sanyi ce, mu kuwa firjinmu ya daɗe da zama kabad na ajiye takardu saboda rashin wuta. A aljihun tebur nake ajiye ta, cikin zafin nan. Ashe zafi yana kashe ƙarfinta, ruwan yana nan garau a kwalba amma ba ya aikin kirki. An ce yanzu an yi wata da ba ruwanta da zafi, akwai kuma ƙwayoyi da ake bayarwa inda babu allura. Idan kin isa, kafin ki san inda ake sayar da manja, ki je asibitin da ke kusa ki tambaye su: me kuke da shi na tsayar da jini, a ina kuke ajiye shi? Ki sa su buɗe ki gani. Za su ce kin cika iyayi. 'Yata ce ke, ba yau aka fara faɗa mana haka ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda na shuka da bakina tun kuna yara. Ni ce mai yi wa mata tsawa a ɗakin haihuwa. "Yi shiru! Lokacin da kike jin daɗi wa ya ji ki?" Kuna jin ina ba da labari a gida ina dariya, ina yabon wance da ta haihu ko uffan ba ta ce ba. Kasham ta ji duk wannan. Daga baya ɗaya daga cikin matan zumuntar ta gaya mini cewa tun ina kan jaririya Kasham ta ce mata tana ganin duhu-duhu. Matar ta ce bari ta kira ni, Kasham ta riƙe mata zane ta ce, "Bar Mama, tana aiki. Kar ta ce na cika raki." Ina ɗakin, Zigwai. Tsakanina da ita bai fi in miƙa hannu ba.

Saboda haka na janye duk abin da na taɓa faɗa muku a kan jarumtar mace. Idan kin ji jiri, ko sanyi, ko ƙishi mai tsanani, ko kin ji abu yana bin cinyarki da ɗumi, ki yi ihu har na waje su ji. Idan ma'aikaciya ta yi miki tsawa, ki fi ta. Na san irinta, ni ce ita. Kada kuma a bar ki ke kaɗai bayan yaro ya fito, lokacin da kowa ya koma kan jariri ana ya yi kama da wane. A wannan ɗan tsakanin ake rasa uwa.

Shi kuma Ayuba, mutumin kirki ne, amma na lura da shi, komai ya taso sai ya ce mu yi addu'a. Ban hana ba. Ya yi ta a cikin mota, tana tafiya. Tun yanzu ya san direban da zai kira da wanda zai kira idan na farko ya tafi kasuwa, ya kuma san mutanen da jininsu ya dace da naki waɗanda ba za su ɓuya ba ranar da aka neme su. Da za ki ji tawa, da watanki ya kama sai ku koma kusa da babban asibiti ku zauna wurin wani fasto har ki sauka. Na san amsarki, amma na faɗa.

Kada ki ɗauka don na jera miki waɗannan hankalina ya kwanta. Bai kwanta ba. Na yi aikin nan na san nisan da ke tsakanin abin da aka gano da abin da ke cikin aljihun tebur a ƙauye. Masu bincike sun yi nasu, Allah ya saka musu. Amma na ga asibitin da babu safar hannu, na ga wanda ma'aikaciyarsa ta gudu bayan an kai hari ba a sake turo wata ba. Ina jin inda za ki ma haka ne. Wataƙila ki isa da ledarki, jini ya kai layi kowa yana gani, a rasa abin da za a yi miki. A da ina cewa ba a san maganin abin ba. Yanzu na san an sani, bai dai iso wurinmu ba, kuma wannan ya fi na da ciwo. Ina zuwa zumunta ranar Talata, ina buga tulu ina waƙa, amma bakina ne kawai yake yi. Na gaya wa Ubangiji haka, tunda ko na ɓoye yana gani.

Wani abu kuma, ki riƙe shi da kyau. Idan ranar ta zo kika kira ni a waya, zan ce miki ba komai, za ki sauka lafiya. Haka bakina ya saba, haka na ce wa yayarki. Kada ki auna lafiyarki da muryata.

Ubangiji ya kai ku lafiya. Ya tsare ku daga mugun mutum a hanya da mugun labari a gida. Ya ba wadda za ta karɓi haihuwarki ido da sauri da tawali'un da ni ban samu ba. Ya sa in ji kukan jikana a waya, in kuma ji muryarki a bayansa kina yi mini tsiwa. Addu'ar nan da ake cewa a yi nufinsa, na yi ta sau ɗaya a bakin kabari, ba ni da ƙarfin maimaita ta a kanki, shi ma ya sani.

Abu ɗaya nake roƙo a wurinki, ba kuɗi ba, ba zane ba. Ranar bisona, ke nake so ki zaɓi ankon da za a sa, ki yi faɗa da masu dafa abinci, ki tsaya a gaban coci ki ce mamanmu akwai baki. Aikinki ne wannan, ba ni da wata 'yar da zan bar wa. Ki dawo ki binne ni, Zigwai.

Ni ce mamanki.